Iƙamar Sambo, Gorar Hajiya Azumi da Gadar Teku

Zuwa ga:
Mai Girma Jami'in Kula da Al'amuran 'Yan Ƙasa,
Ofishin Jakadancin Nijeriya,
Riyad.

Daga:
Hajiya Sailuba Dalhatu,
a madadin iyaye mata na unguwar Jaradiya,
Gidan Dakta Nuru, Jaradiya, Riyad.

Kwanan wata: Asabar, 5 ga Sha'aban 1407, daidai da 4 ga Afrilu 1987.

Game da: Riƙe iƙama, wato takardar izinin zama, ta Malam Sambo Jibrin, direba, da Kamfanin Yawon Teku na Durratul Amwaj ya yi, bisa zargin wai ya kara musu jirgi da gada.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta duk ma'aikatan ofis, ina neman izini in gabatar da kukanmu a gabanka.

Da a tsakar gida muke, da sai in ce ga ta nan ga ta nanku, ka ce ta zo mu ji ta, in gyara zama. To amma ɗana Dakta Nuru ya ja mini kunne cewa ba a buɗe wa hukuma takarda da haka, ya ce in sa wa kowace magana lamba. Na sa. Inda ka ga na ɗan ratse, a yi mini afuwa, sabo ne.

Mu dai tsofaffi ne da 'ya'yanmu suka ɗauko daga gida mu riƙe musu jikoki, su suna can asibiti da kamfanoni. Malam Sambo Jibrin kuwa mutumin Gusau ne, yana tuƙi a wurin wani mai shagon darduma a Dira, wanda shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma. Ranar da ba shi da aiki, shi ke kwasar mu zuwa kasuwa, zuwa dubiya, zuwa suna da ta'aziyya. Kowace a cikinmu ɗanta take ce masa. Mutum ne mai kunya, mai tsoron ruwa ƙwarai, wanda ya ce ko gulbin garinsu bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba. Da muka ƙulla zuwa yawon teku, ya roƙe mu da girman Allah mu nemi wani. Mu muka matsa, muka ce ba ma tafiya ba namiji, har ɗayarmu, Hajiya Azumi, ta je da ƙafarta ta karɓo masa takardar izinin tafiya a wurin kafilinsa. Wannan shi ne mutumin da kamfani ya rubuta cewa ya kai wa jirginsu hari.

Ga ƙorafinmu:

1. A ofishin kamfanin da ke Batha, nan Riyad, aka sayar mana da tikiti na kwana ɗaya a teku, a fita ranar Alhamis 12 ga Rajab, daidai da 12 ga Maris, a dawo Juma'a. A bango akwai hoton wani ƙaton jirgi fari sol, bene kan bene, aka ce shi za mu hau, kuma da hantsi zai tashi. Babu wanda ya ambaci gada. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Dammam, aka kwashe mu a bas zuwa tasha, sai muka tarar da ƙanensa. Daga baya ne muka ji bayani: tashar da jirgin kamfanin yake kwana tana bayan sabuwar gadar nan ta teku da aka buɗe bara, kuma duk jirgin da zai fita sai ya ratsa ta ƙarƙashinta. Babban na hoto ya fi ƙarfin ƙofar, tun da aka rufe saman gadar bai sake kwana a gidansu ba, yana wata tasha can daban. Ƙaramin ma da kyar yake shigewa. Sai an jira ruwa ya ja baya ya sauka sosai, sannan a kwantar da dogon ƙarfen da ke tsaye a kansa mai ɗauke da fitilu, ya sunkuya ya wuce kamar baƙo mai tsawo a ƙofar zaure. Ruwan nan kuwa ba ya duba tikiti. Ranar da muka je sai la'asar sakaliya zai sauka. Kamfani ya san haka, mu ba mu sani ba. Aka zuba mu a jirgi tun da safe, aka bar mu a ɗaure a bakin tasha.

2. Zaman jiran nan shi ya haifi komai. Ranka ya daɗe, cikin jirgi ba gida ba ne. Lungu ne bayan lungu, ƙofofi duk iri ɗaya, darduma duk ja, matakala nan matakala can, rubutun bango kuma Larabci ne da Turanci. Tun kafin azahar Inna Delou, mutuniyar Maraɗi, wadda ta girme mu duka, ta fita neman wurin alwala ba ta dawo ba. Sambo ya hau ya sauka har rigarsa ta jiƙe, ga jiri yana ɗibarsa alhali jirgin ko motsi bai yi ba. Can ya same ta a madafa, ta ɗaure zane, ta karɓe ludayi a hannun kuku, tana nuna masa da hannu cewa albasarsa ba ta soyu ba. Ita ko a jikinta. Ta ce ai ba ta ɓace ba, mu ne muka bar inda ta bar mu.

Nan ne Hajiya Azumi ta ce ba za a sake ba, a ɗauko gora.

Dole in yi bayanin gorar nan, ko da yake na san duk wanda ya taɓa tsayuwar Arfa ya san irinta. Hajiya Azumi tana da wata doguwar gora mai gaɓoɓi da ake sarƙafawa, a ƙarshenta an ɗaure koren ɗankwali da wata tsohuwar butar tagulla. Da ita ta jagoranci mata a Mina da Muzdalifa: a ɗaga sama, duk wadda ta ɓace ta ɗaga kai, ta hango buta, ta nufo. Tun da ta zo Riyad ba ta rabuwa da ita. Ko kasuwar Batha za mu shiga a jajiberin salla sai an ɗaga. Jikokinta suna jin kunya, mu kuwa ba mu taɓa rasa mutum ba. A wurinmu, duk inda taro ya yi yawa, abin da mai hankali ke yi ke nan: ya nemi inda ya fi ko'ina tsawo ya kafa alama.

3. Ba a ɓoye aka kafa ta ba, wannan ina so ya shiga rubutu. Rana tsaka Sambo ya hau rufin jirgi, bisa umarnin Hajiya Azumi, ya ɗaure gorar a jikin ƙarfen rumfa da igiyar shanya. Wani ma'aikacin jirgin ne ma ya riƙe masa tsani. Ba zan faɗi kamanninsa ba, kada a raba bawan Allah da abincinsa, don kirki ya yi mana. Jami'in jirgi mai fararen kaya da hula ya zo ya tsaya, ya ɗaga kai, ya yi dariya har da riƙe ciki. Sambo, da ɗan Larabcinsa na direbobi, ya tambaye shi ko da laifi. Ya ce ma fi mushkila, wato babu damuwa, har ya sa aka ɗauke shi hoto a gindinta. Kuma ta yi aiki. Daga ko'ina ka leƙo waje sai ka hango buta tana ƙyalli. Kafin la'asar, ba mu kaɗai ba, har wasu nas-nas 'yan Filifin da wani Bamisire da iyalinsa sun mai da wurin mahaɗa, kowa yana ce wa nasa a haɗu a gindin buta. Hajiya Azumi tana zaune a kujera kamar mai karɓar gaisuwa.

4. Da lokaci ya yi, aka yi sanarwa a lasifika, da Larabci da Turanci, cikin ƙara da shaƙewa, ba mu tsinci ko kalma ba. Ma'aikata suka zo suna kora mutane daga rufi zuwa benen ƙasa, muka sauka ba musu. Jirgi ya tashi. Muna tsaye a bakin ƙarfe muna kallon gada tana matsowa, abin sha'awa, motoci a samanta kamar ƙwari. Sai muka ga dogon ƙarfen jirgin yana kwanciya a hankali da kansa, har ya miƙe. Ma'aikata sun duba ƙarfensu, sun duba fitilunsu, babu wanda ya tuna da abin da suka wuni suna yi wa dariya.

Hajiya Azumi ce ta fara lura, amma ba ta gane abin da ta gani ba. Ta taɓa ni cikin jin daɗi ta ce, "Yaya Sailuba, kin ga ikon Allah? Yanzu duk jirgin nan babu abin da ya kai gorata tsawo."

Sambo yana gefe yana riƙe da kansa. Da ya ji haka sai ya ɗaga ido ya dubi gora, ya dubi gada, ya sake duban gora. Mutumin da tun safe yake bin bango, sai ga shi yana haɗa matakala bibbiyu. A bakin ƙofar rufi wani ma'aikaci ya tare shi da hannu biyu, yana ta maimaita mamnu'u, wato an hana. Sambo yana nuna sama yana cewa buta, buta, ma'aikacin kuwa ya ɗauka ruwan alwala yake nema, yana nuna masa hanyar bayan gida. Ina roƙon a lura da wannan: a duk jirgin nan, da kyaftin da jami'ansa, mutum ɗaya ne ya yi yunƙurin sauke gorar nan kafin a isa gada, kuma ma'aikacin kamfani ne ya hana shi.

Jirgi ya shige lafiya, ko fenti bai goge ba. Gora ce ba ta shige ba. Ta lanƙwashe, ta yi ƙara, ta karye. Buta ta yi tsalle ta faɗa kan wata fitila ta fasa gilashinta, sannan ta samu matakalar ƙarfe ta bi ta tun daga sama har ƙasa, kowane mataki da irin kukan da take yi. A ƙarƙashin gada kuwa sauti ninkuwa yake. Kowa ya ɗauka jirgi ne ya daki gada. Salati ya tashi da yare iri-iri. Bamisiren nan ya rungume 'ya'yansa, Inna Delou ta fara yafe wa mutane ɗaya bayan ɗaya, har da kukun. Kyaftin ya danna ƙaho, ya fita daga ƙarƙashin gada ya tsai da jirgi.

Masu tsaron teku suka zo a ƙaramin jirginsu, kuma ina yaba musu. Suka duba gada, suka duba jirgi, aka miƙa musu buta ta lotse a gefe. Babbansu ya juya ta a hannu, aka yi masa bayani, ya ƙunshe dariya, ya ce kakarsa ma takalmi take ɗaurawa a sanda a Arfa. Suka ce babu abin da ya samu gada, a ci gaba da tafiya. A wurin hukuma magana ta ƙare a nan.

5. A wurin kamfani ne ba ta ƙare ba. Masu tsaron teku na juya baya, jami'in nan mai fararen kaya, wanda ɗazu ya yi hoto, ya ɗaure fuska kamar bai taɓa ganin gora ba, ya tambayi wanda ya ɗaura. Hajiya Azumi ta miƙe ta bugi ƙirji ta ce tata ce, ita ta sa, a rubuta sunanta da na ubanta. Ya ce su ba sa shari'a da tsofaffi. Ya juya ga Sambo ya ce ya kawo iƙamarsa a kwafi lamba, yanzu za a dawo masa da ita. Sambo ya ciro ɗan koren littafin nan daga aljihun ƙirji ya miƙa da hannu biyu. Rabonsa da shi ke nan. Butar ma suka haɗa da ita, wai shaida ce.

Don kada a ce ba mu da adalci: sauran tafiyar ta yi daɗi. Abinci ba laifi, musamman bayan Inna Delou ta koma madafa. Mun ga faɗuwar rana a kan ruwa, mun ga wasu manyan kifaye suna tsalle suna rakiyar jirgi, Hajiya Azumi ta ce gaisuwar jaje suka zo yi mata. Sambo ne kaɗai bai ga komai ba, yana zaune a ƙofar ofishin jami'in, hula a gwiwa. Ranar Juma'a da muka dawo, aka tarar ruwa ya riga ya cika, jirgi ba zai shige ba, muka yi ta shawagi a bayan gada har ya sake sauka. Wannan jiran ma kamfani ya ɗora wa Sambo, alhali ma'aikatan da kansu sun gaya mana ba ranar aka fara ba. Da muka sauka aka ba shi wata 'yar takarda, aka ce ya karɓi iƙamarsa a Batha. A jirgin ƙasa muka sa shi a tsakiya, muka kewaye shi da jakunkuna don kada jami'an tsaro su tambaye shi iƙama, yana zufa har Riyad.

6. Tun daga ranar Asabar 14 ga Maris ake kai mu ana kawo mu. Ofishin Batha ya ce iƙama tana Dammam. Aka buga waya Dammam, suka ce tana hannun manaja, manaja kuma yana teku, sai ruwa ya sauka. Kullum amsa ɗaya ce, bukura, wato gobe. Mun je mu duka mun zauna a ofishin, aka kawo mana shayi da dabino, muka sha, muka gode, muka dawo hannu wofi. Dakta Nuru ya ce a faɗi abin da gilashin fitila ya ci a gyara, suka ce ba maganar gilashi ba ce, maganar mutuncin kamfani ce. Mafi muni, ranar 22 ga Maris suka rubuta wa kafilinsa takarda cewa direbansa ya kara jirgi da gada, ya jefa rayukan fasinjoji cikin haɗari. Ranka ya daɗe, Sambo mota yake tuƙawa. Ko ɗakin kyaftin bai san inda yake ba.

Kafilin nasa ba mugu ba ne, amma ɗan kasuwa ne, azumi kuma lokacin cinikin darduma ne. Ya ce mota ba za ta yi ta kwana a ƙofar shago ba: in aka ga watan Ramadan iƙama ba ta dawo ba, zai ɗauki wani direba, ya yi wa Sambo takardar fita ta ƙarshe. Ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Sambo yana da mata a Gusau, Rakiya, da 'yarsu Zaituna da aka haifa bayan tahowarsa, wadda bai taɓa ɗauka ba sai a hoto. Shirinsa ya je hutu bayan salla da tsaraba, ya dawo bakin aikinsa. Har ya sayi 'yan takalma ya ajiye, kullum yana tambayarmu ko za su yi mata. Ba mu so ya fara ganin 'yar nan a matsayin korarre, a kan gorar da ba tasa ba, a tafiyar da ya roƙe mu kada mu sa shi.

Ga inda kowa yake a yau. Sambo yana ɗakinsu a unguwar Oud, ba ya iya leƙa titi sai masallacin da ke manne da su. Mun raba kwana muna aika masa abinci, har abokan ɗakinsa sun yi ƙiba, shi kuwa sai ya taɓa ya ture. Hajiya Azumi, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta rage magana, ta ce ba za ta sa lalle ba sai ɗanta ya koma mota. Inna Delou tana nan lafiya, ta ce a gaya wa kukun ya rage gishiri. Babban jirgi yana can inda gada ta kore shi, ƙaramin yana ta sunkuyawa yana wucewa, jami'insa yana shan iska. Buta tana tsare a Dammam. Gada kuwa, an tabbatar mana, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Saboda haka muke roƙon ofishinka mai albarka, cikin ladabi:

Na farko, kuma shi ne gaba da komai, a sa baki kamfanin nan ya mayar wa Malam Sambo Jibrin da iƙamarsa kafin ganin watan Ramadan, ya kuma rubuta wa kafilinsa cewa gora ce ta taɓa gada, ba jirgi ba, kuma shi yunƙurin sauke ta ya yi.

Na biyu, a shawarci kamfanin ya riƙa gaya wa mutane gaskiya tun a Batha: wane jirgi ne, da cewa ruwa ke yanke lokacin tashi, da cewa kada a kafa komai a sama. In za su faɗa wa irinmu, su samo wanda zai faɗa da bakin da muke ji. Da an gaya mana, da hannu za mu riƙe abarmu.

Na uku, in ba zai zama nauyi ba, a sako butar. Ta uwar Hajiya Azumi ce.

Idan takarda ba ta wadatar ba, mu duka a shirye muke mu zo ofishinka, kowace ta ba da labarin da bakinta tun daga farko, Inna Delou kuma takan fara ne daga shekarar da aka haife ta. Abin da ya tsai da mu kawai, mai kai mu shi ne ba shi da iƙama. Amma in ta kama, za mu nemi bas. Hajiya Azumi ta riga ta samo sabuwar gora don kada mu ɓace a hanya, kuma ta ce a wannan karon in tambaya tun da wuri: ƙofar ofishinku, nawa ne tsawonta?

Allah ya ƙara girma, ya kare ka da iyalinka, ya sa a gama lafiya. Ka huta lafiya, tare da dukkan ladabi da biyayya.

Mai ƙorafi, uwarka a wannan gari,

Hajiya Sailuba Dalhatu,
a madadin iyaye mata na Jaradiya.